Alhamis ɗinmu a Gonakin Bayan Uhudu

Ni da yayana mun yi wajen shekara tara muna hawa keke tare, kowace Alhamis bayan sallar asuba. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. A lokacin yana gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a wani ɗan shago a Jurf, ni kuma ina koyar da lissafi a makarantar firamare. Mutanen unguwa dariya suke mana, don a Madina magidanci mai mota ba ya hawa sikal, wato keke, wannan sai lebura ko yara. Yaya bai taɓa kula su ba. Yakan naɗe tob ɗinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya ɗaure a ƙugu, ya wuce ta gabansu yana sallama.

Babanmu aikin lambu ya yi a Ƙurban har ya tsufa, a gonar wani Balarabe mai dabino da rumfunan inabi. Yaya a cikin gonar nan ya girma. Ni ƙarshenta kawai na tarar, don ina ɗan shekara takwas magada suka sayar, aka sare itatuwan aka yi gidaje. Ina jin abin da ya sa Yaya ya fara yawon keke ke nan, ko da yake bai taɓa faɗa ba. A tsakiyar shekarun casa'in ne ya sayo tsofaffin kekuna biyu a haraj, kasuwar gwanjo, ya sa musu tayoyi masu kauri, ya zo ƙofar gidana ya ce in fito.

Daga Jurf mukan tsallaka kwalta mu sauka kan hanyar tsakuwa wadda ta ratsa gonaki ta ɓulla bayan Dutsen Uhudu. Mota ba ta cika binta ba, sai ɗaya-ɗayan masu ɗaukar ciyawa. Akwai wuraren da dabino ya yi duhu har rana ba ta sauka ƙasa, sai ƙarar injin ban ruwa da ƙamshin na'ana, da tsakuwa tana tsalle tana bugun ƙarfen keke. Can ciki akwai wani tsoho da ya rage da rumfar inabi, irin ƙananan fararen nan masu ɗan tsami. Nan muke tsayawa mu ci burodin tamis da shayin da muka zo da shi. Idan lokacin inabi ne tsohon ya tsinko mana, Yaya kuma ya duba masa wayoyin injinsa.

Kullum Yaya ne a gaba. Ba ya magana in yana tuƙi. Idan akwai rami sai ya ɗaga hannun hagu, idan yashi ne mai laushi ya sauke tafin hannu ƙasa. Na saba da haka har ban cika kallon hanya ba, bayansa kawai nake bi.

Yana da ciwon sukari tun kafin in yi aure, kamar yadda babanmu ya yi. Yana shan magani yana kuma cin dabino, kuma duk gidan mun ɗauka haka ciwon yake, ana zama da shi. A shekara ta takwas ya faɗi sau biyu cikin wata ɗaya, a wuraren da ya sani kamar tsakar gidansa. Na farko ya ce birki ne. Na biyu kakkaɓe gwiwa kawai ya yi ya hau. Alhamis ta gaba sai ya ce in wuce gaba, wai ya gaji da yi mini jagora, kuma in riƙa sa farar riga don baƙar da nake sawa tana jan zafi.

Na yi makonni ban gane ba. Ranar da na gane, muna zaune ƙarƙashin rumfar inabi, na miƙa masa kofin shayi sai hannunsa ya wuce ta gefe ya kama iska. Ya sake lalubowa ya karɓa. Tsohon yana can wajen rijiya. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce idon dama ya kai shekara da tafiya, na hagu kuma kamar ana kallo ta cikin hayaƙi. Likita ya yi masa aiki da haske sau biyu, ya kuma gaya masa abin da ya tafi ba zai dawo ba. A shago ɗan'uwan matarsa ne yake yin aikin, shi yana zaune yana faɗa masa inda zai taɓa. Matarsa ta san idon ya yi rauni, amma ba ta san ya kai haka ba.

Na ce to mu bar keken. Ya daɗe yana juya kofin a hannu.

"Farar rigarka ina ganinta," in ji shi. "Idan ka je gida ka faɗa, za su zaunar da ni a ɗaki, kuma ba zan sake fitowa ba. Ka bar ni da Alhamis ɗin nan."

Na ce, "Yaya, in wani abu ya same ka fa?"

Ya ce abin da zai same shi ya riga ya same shi.

Ban faɗa wa kowa ba, ko Ummanmu. Muka ci gaba kusan shekara guda. Na rage gudu, na koyi yin magana a kan keke: dutse a dama, rami a gaba, sauka nan. Wani lokaci yakan yi fushi ya ce ba makaho ba ne shi, sai in yi shiru, bayan ɗan lokaci kuma ya tambaya me ya sa na daina faɗa. A cikin shekarar nan gonaki uku da muke ratsawa aka daina ba su ruwa. Dabinon ya bushe a tsaye, ganyen ya sauko ya rufe gangar jikin. Shi ba ya gani, amma ya ce wurin ya daina sanyi, kuma ba ya jin inji. Na ce masa an sayar.

Wata safiya a farkon zafi muka shiga wani kwana da muka saba bi. Tsakanin wannan Alhamis da waccan wani ya ja waya mai ƙaya ya tare hanyar, ta yi tsatsa har launinta ya saje da ƙasa. Sai da na kusa na gan ta. Na taka birki na karkata, na ɗaga murya na ce ya tsaya. Ya ji, amma ya ga farar rigar ta yi hagu, sai ya bi ta maimakon ya tsaya. Tayarsa ta zame a tsakuwa, ya faɗa gefen wayar. Takalmin soso ne a ƙafarsa. Ƙaya ta yanke shi a gefen babban yatsa, yanka ƙarami wanda bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Na wanke da ruwan gora na ɗaure da hankici. Ya ce ko zafi bai ji ba, har ya tsokane ni cewa malamin lissafi bai iya lissafin birki ba. Muka tura kekunan muka koma gida.

Yankan bai warke ba. Bayan mako uku yatsan ya yi baƙi, aka kwantar da shi a mustashfa, wato asibiti, aka cire. Bayan wata biyu aka cire sauran ƙafar daga ƙasan gwiwa. A can ne likitan ya faɗa wa matarsa halin da idanun suke ciki, yana mamakin yadda aka bar mai irin wannan ido ya hau keke.

Ta same ni a barandar asibiti. Mace ce mai kunya, shekara ashirin tana kirana ƙanina ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta tambaye ni ko na sani. Na ce na sani. Ta tambayi tun yaushe, na faɗa mata. Ta gyara mayafinta ta koma ciki. Umma kuwa ba ta tambaye ni komai ba har ta rasu, sai dai ta daina aiko mini da fura ranar Juma'a kamar yadda ta saba.

Yaya ya faɗa musu shi ya sa ni in ɓoye, ya maimaita sau da yawa. Bai canja komai ba. 'Ya'yansa maza biyu, waɗanda nake yi wa Hausa su amsa da Larabci, suka koma gaishe ni a tsaye su fice. Ban ga laifinsu ba.

Ya yi shekara huɗu a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida kafin ya rasu. Idon hagu ya ƙarasa tafiya a shekara ta farko, daga baya ƙoda ta taɓu, aka riƙa kai shi wankin jini sau uku a mako. Na roƙa a bar mini kai shi, matarsa ta amince da rana ɗaya a mako. A mota yakan jingina kai da gilashi. Da farko yana tambayata labarin makaranta, ko wane ne ya mutu a unguwa. Daga baya ya daina. Sau ɗaya na ce masa ya yafe mini. Ya ce in bar wannan maganar, ya gaji, in rage sanyin mota.

Ranar ƙarshe da na kai shi, mun jira wajen awa biyu kafin a sami gado. Ya ce ƙafar da aka cire tana masa ƙaiƙayi, ya miƙa hannu yana sosa bargo a inda babu komai. Na riƙe masa jakar magani. Da aka kira lambarsa na tura kujerar har bakin ƙofa, ma'aikaciyar ta karɓe shi, ta ce in dawo bayan la'asar.