Kwinin da Ba Ya Ɗaci

Ban taɓa zama a aji ba, amma harshena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kwinin kuwa na san shi tun ina amarya a Toranke. Farar ƙwaya ce, in ka fasa ta ka ɗora a harshe, maɗaci ma sai ya ji kunya. Ka shanye ruwa ƙwarya guda, ɗacin yana nan maƙale a maƙogwaro. In ya shiga jiki kuma, kafin kwana uku kunnenka zai fara ƙugi kamar injin niƙa daga nesa. Da haka muke gane ya kama zazzaɓi.

Wata damina zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ƙanwata, wadda muke ciki ɗaya. Na sayo mata kwinin wurin wani mai kemis a Gaya, ɗan gayu mai farar riga. Kwana uku tana sha, ciwo sai gaba yake. Na tambaye ta kunnen fa. Ta ce, "Yaya, shiru nake ji."

Na ɗauko ƙwayoyin. Na fasa ɗaya na lasa. Wallahi garin rogo ne.

Da na koma masa, dariya ya yi a gaban mutane, ya ce in bar ilimi ga masu shi. Muka ɗauke ta a adaidaita-sahu zuwa asibiti, ashe zazzaɓin ya riga ya hau kai. Ranar Laraba aka kai ta makwancinta.

Na jira har aka share makoki. Na roƙi wata ma'aikaciyar asibiti ƙwaya ɗaya ta gaske. Ranar kasuwa na shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon mai kemis ɗin, na ajiye ƙwarya biyu da ruwa. A ɗaya na narka ƙwayarsa, a ɗaya ta asibiti. Masu babur da mata masu fura duk suka ɗanɗana, suka san wacce ce wacce.

Sai ga shi ya fito. "Iya, me kike yi a nan?"

"Karatu na zo ɗauka, ɗan nan. Ga maganinka, kurɓi."

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, wai ɗaci ya kashe shi. Alhali kowa a kasuwar ya san ruwan nan lami ne. Na miƙa masa ta biyun. Yana kurɓa ya tofar a kan farar rigar tasa, idanunsa suna hawaye.

Bai kai kaka ba ya rufe shagon, ya bar garin.

'Ya'yana suna cewa in yafe, tsufa ya zo. Na ce musu su yafe nasu. Ragowar ƙwayoyinsa suna nan ƙulle a bakin zanena na aure, cikin adaka. Na bar wasiyya kada kowa ya zubar. Akwai ranar da ni da shi da ƙanwata za mu tsaya gaban Wanda ba a yi wa dariya.