Bututun Roba a Kan Soron Mahaifina

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da taurin kaina ya jiƙa irin albasar gidanmu. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

A Aliero, mahaifina ya rasu ya bar mini soro na ƙasa. A ciki nake ajiye irin albasa da ya yi shekaru yana zaɓa da hannunsa, mai ja, mai jure ajiya. Indararon soron na giginya ne, an fafe shi, baƙi, dogo, mummuna. Kullum na kalle shi sai in ga yana ɓata mini gida.

Gab da damina na je kasuwar Jega na ga bututun roba fari fat. Mai shagon ya rantse ba ya ruɓewa, gara ba ta cin shi. Na sayo, na hau tsani na fizge na giginyar, na wurga shi bayan gida. Ina cikin yaɓe bututun a gurbinsa sai ga kawuna, tsohon magini. Ya leƙa bakin bututun ya girgiza kai.

"Ɗana, wanga na famfo na, ba na soro ba. Dut rani iska na tara ɓawon albasa bisa, ruwan hwari ka kwaso shi. Ta ina za shi hita?"

"Kawu, zamani ya sake," na ce, har da 'yar dariyata. Wai ni mai wayo!

"To, Allah shi kyauta," ya ce, ya tafi.

Ruwan farko ya sauko wata Laraba bayan la'asar, ina gona. Na dawo a jiƙe, na tarar indararon kowa na zuba, nawa kuwa ko ɗigo babu. Da farko ma daɗi na ji, na ɗauka ingancinsa ke nan. Kun ji wauta! Sai da na buɗe ƙofar na ji ruwa na tsiyaya ta tsakanin azara. Ɓawon albasa da ganyen dogon yaro sun toshe bututun, saman soro ya zama tafki, ga ruwan laka yana sauka kai tsaye cikin ƙoren da na zuba irin.

Na hau sama cikin ruwan ina zungurar bututun da kara, ina zagin mai shago, ina zagin roba, kowa dai ban da mai laifin. Kwana uku ana hadari babu ranar shanya. Irin ya kumbura, ya yi funfuna, na kwashe na zubar. A wurin na zauna na yi hawaye, don ji na yi kamar na sake binne mahaifina.

A rana ta huɗu da safe sai ga Kawu, indararon giginyar nan a kafaɗa, ya wanke shi tas. Ya ajiye, ya zaro wani ɗan ƙulli daga aljihu.

"Ubanka yab ba ni wanga iri, shi kaɗai yar rage. Amma sai ka maida indararo nai sannan in ba ka."

Nan take na ɗauko tsani.

Tun ranar na koyi cewa kafin in cire abin da na tarar a gida, sai na tambayi wanda ya san dalilin sa shi. Indararon yana nan har yau, baƙi, mummuna, yana zubar da ruwa nesa da bango.