Baba Ɗigo, Wanda Ya Ƙi Goge Alamarsa

Shekara talatin da huɗu, duk safiya kafin a ɗaga ƙofar garejin gyaran tsofaffin motoci, Baba Ɗigo ya riga ya iso, yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana jiran mai makulli. Da an buɗe, ba mota yake fara taɓawa ba. Sito yake shiga da tsumma, ya bi kantoci huɗu yana goge ƙura a hankali kamar mai kula da ɗakin karatu. Kowace kanta da sunan kayan da ke kanta. Ta sama ta ɗan kamfani ce, wato abin da mota ta fito da shi tun ranar da aka ƙera ta. Ta biyu ta tsohon ajiya: kamfanin ne ya yi shi a wancan zamani, amma ba a taɓa ɗaura shi a jikin mota ba. Ta uku ta ɗan kwance, wanda aka ciro daga wata motar da ta mutu. Ta ƙasa kuwa, wadda ta fi sauran cika, ta madadi ce: sabon ƙira na wani kamfani daban, ko wanda Baba ya ƙera da hannunsa idan an nema an rasa.

Duk madadin da zai ɗaura, sai ya juya shi ya buga masa ɗigo uku da ƙusa da guduma ta ciki, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance. Daga nan sunan ya bi shi. Mai walda yakan tsokane shi, "Baba, wa zai leƙa nan ciki? Kyankyaso?" Shi kuwa ya ce, "Makaniken da zai buɗe motar bayan ba ni. Ba na so ya tsine mini ban ji ba." Ya sha faɗa wa masu mota cewa madadi ba abin kunya ba ne, mota mai shekara hamsin ba ta tafiya sai da shi. Ranar da aka kira shi ɗan kamfani, ranar ya zama jabu.

Watanni uku ke nan da aka raba shi da aikinsa. Ga yadda aka yi, kamar yadda mai fenti da mai walda suka ba da labari, su da suke tsaye a wurin.

Mai garejin na asali ya rasu, ɗansa ya gaji wurin, yaron da Baba ya sha ɗorawa a kafaɗa, yanzu ana ce masa Manaja. Sai aka jawo wata koriyar mota mai ƙofa biyu daga wani kango, kaji sun mai da ita gida. Wata goma sha huɗu Baba yana kanta. Mariƙin ƙofar direba ya karye, aka bincika ko'ina babu irinsa. Baba ya kwance na ɗaya gefen ya ajiye a gabansa, ya samo guntun tagulla, ya yi mako uku yana binsa da magagari, sannan aka kai aka yi masa ruwan ƙyalli. Mai fenti ya rantse in ka ɗora biyun a tafin hannu ba za ka bambance ba, sai ka juya ka ga ɗigo uku.

Aka sami mai saye, Manaja ya gaya masa komai na motar ɗan kamfani ne. Ana gobe mutumin zai zo, Manaja ya kira Baba ofis, bai ko rufe ƙofa ba.

"Kawu, zauna mana. Ɗigon nan naka wuri goma sha ɗaya ne a jikin motar. A goge su. Minti nawa ne?"

"Gogewa ba wuya, ɗana. In na goge, me zan ce wa mutumin?"

"Wa ya ce ka ce wani abu? Kai dai ka tsaya kusa da ita kana murmushi, ya ga furfurarka."

"Ashe furfurar tawa za ka sayar masa, ba motar ba."

"Kawu, zamani ya canja. Mutum goma ke cin abinci a nan. In ba za ka iya ba, ka faɗa mini in san abin yi."

Baba ya gane maganar sarai. Shekararsa sittin da bakwai, kuma ya san ba wani garejin da ke jiran tsoho. Da ya koma gida da yamma ya zauna yana juya cokali a kwano, matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, ci abincinka. Na san ba za ka goge ba, kai ma ka sani, to abincin me ya yi maka?"

Washegari mai saye ya zo, ya zagaya motar sau biyu, ya ɗora hannu a kan mariƙin ƙofa, ya waiwayo wajen Baba. "Dattijo, kai ka yi aikin ko? Duk na kamfani ne?" Mai walda ya ce shi da kansa ya kashe injinsa don ya ji amsar.

"Injin ɗan kamfani ne, ranka ya daɗe, da giya da sitiyari. Fitilun tsohon ajiya ne. Bamba ɗan kwance. Guda goma sha ɗaya madadi ne, har da wanda hannunka yake kai. Ni na yi shi."

Mutumin ya janye hannu kamar ya taɓa wuta, ya shiga motarsa ya tafi.

Manaja bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya bari wata ya ƙare, ya sayo lemo, ya tara ma'aikata, ya miƙa wa Baba agogon bango a kwali, ya ce Kawu ya gaji, lokaci ya yi da zai huta. Aka tafa. Mai fenti ya ce shi ma ya tafa, kuma bai iya duban fuskar tsohon ba. Sabon makaniken da aka kawo ya goge ɗigon duka a rabin awa. Wani daban ya sayi motar, ya kai ta baje kolin tsofaffin motoci. Mai walda ya je kallo, ya tarar da manyan mutane suna shafa mariƙin nan suna cewa, "Ka ga aikin mutanen da! Yanzu ina za ka sami mai wannan hannun?" Mai hannun kuwa yana gida, yana gyara wa matarsa murfin tukunya.

Baba, gwanin magagari, kai ne kaɗai a garejin nan hannunka ya isa ya yaudari kowa, kuma kai ne kaɗai ka ƙi. Kai ne ka tsaya a gaban baƙo, kana sane da abin da amsar za ta jawo maka, ka kira kowane ƙarfe da sunansa. Akwai motoci a kan titi yau da masu su suka san ainihin abin da suke tuƙawa saboda kai, kuma ko sunanka ba su sani ba. Mun gode. Mun san godiyar ta zo a makare, kuma ba za ta buɗe maka ƙofar gareji ba.

Ku makanikai masu tasowa, ku faɗa wa mai mota abin da kuka ɗaura masa, ko da bai tambaya ba. Ku masu mota, in aka gaya muku gaskiya, kada ku juya wa wanda ya faɗa baya. Baba yana nan da ransa, idonsa garau, hannunsa bai fara rawa ba. Mai son koyo ya je yanzu. Kada ku bari sai an ɗauke shi an kai, sannan ku taru kuna cewa an daina yin irinsu.