Shanun Huɗar Baba Ilu

Har gobe ba na mantawa da ranar da Baba Ilu ya shigo bankinmu na Daura da kuɗin shanun huɗarsa a aljihun 'yar shara. Lokacin ina ƙaramin jami'i a teburin karɓar jama'a, ba a jima da ƙaddamar da shari'a ba.

Ku ma'aikatan da kuka zo daga baya ba ku ga wannan zamani ba. Da can aikin banki ajiya ne da rance. Da gwamnati ta sassauta dokoki, sai aka ba mu damar sayar wa mutane hannun jarin kamfanoni, kowane ma'aikaci da kason da zai sayar a wata. Ajiya tana da inshora. Hannun jari kuwa in ya faɗi, ya faɗi da mai shi.

Baba Ilu manomi ne daga wajen Baure, tsohon abokin hulɗarmu, mai barkwanci. Kuɗin ruwa bai taɓa karɓa ba. Da ya ji an ce wannan kasuwanci ne, riba da asara, sai ya kai bijimansa biyu kasuwa, ga damina ta ƙarato.

"Ɗana, zuba mini duka," in ji shi. "Tunda kai ne dillali, hankalina kwance."

Nan take na gane nufinsa. A kara, kasuwar shanu, in ka sayi sa ta hannun dillali ya zamana na sata ne ko mai ciwo, dillalin za ka kama. Baba ya ɗauka haka abin yake a wurinmu.

Na ce, "Baba, ni nan ba na tsaya wa kaya. In ya karye, ko sisi ba za mu biya ka ba."

"To la'adar me kuke ci?"

Na miƙe. Na shiga wajen manajanmu, Alhaji Bala, mutum mai faɗa amma mai tausayi. Na ce, "Ranka ya daɗe, kasona bai cika ba, amma kuɗin shanun huɗa ne." Ya harare ni, ya fito da kansa, ya zauna kusa da tsohon yana lallashi har aka kira azahar. Baba kuwa akwai taurin kai. Da ƙyar ya yarda ya zuba rabi, ya koma kara ya sayi sa guda.

Aka yi shekaru ana murna, sannan kasuwar hannun jari ta rushe. Na ga manyan 'yan kasuwa suna hawaye a gaban teburina. Da na hango Baba a bakin ƙofa, wallahi ji na yi kamar in shige ƙarƙashin kujera.

Ya dafa kafaɗata yana dariya. "Ɗago kai, ɗana. Wanda na ba ku ya mutu, wanda kuka hana ni zubawa yana nan ya yi ƙiba. Maƙwabcina ma guda gare shi, sai muke haɗa su, yau gonarsa gobe tawa."

Ina ƙaunar tsohon nan har yanzu, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa nake gaya muku, mutanenmu ba takarda suke karantawa ba, fuskarku suke dubawa. Doka tana iya sakin hannunta, amma wanda ya zauna a gabanku ya ɗauka kun tsaya masa. In ba ku tsaya ba, ku faɗa masa tun kuɗin yana aljihunsa.