Hanyar da Ƙaiƙayi Ya Nuna

Ɗis, ɗis, ɗis. Ƙarar ɗigon indararo ce a cikin wata tsohuwar tasa da Kaka ta ajiye bakin madafa. An ɗauke ruwa gab da magariba, mun yi salla, mun taru a gefen murhu tana gasa mana masara. Tasar ta cika ta fara tumbatsa, na bi ruwan da ido, na ga ya ratsa tsakar gida a karkace ya shige wata kafa a gindin katanga. Sai na tambaye ta wa ya gaya masa nan ce hanya.

A shekarar ne jam'iyyu suka fara yawo da lasifika a titunan Maraɗi, lakwal kuma, wato makarantar boko, yau a buɗe, gobe yajin aiki. Da zaman gida ya yi yawa, Baba ya kwashe mu daga Sabon Gari ya kai mu Tsibiri wajen mahaifiyarsa, ni da ƙannena mata biyu. Kaka ba ta kirana da sunana. Ƴar lakwal take ce mini, musamman in na dame ta da tambaya.

Ta juya masarar ta ce, "Ƴar lakwal, duk karatun naku ba a hwaɗa muku wanga ba? To ku matso. Ga ta nan tahe, ruwa ya doke ta."

Muka amsa yadda ta koya mana: "Ta shigo ta ji ɗumi."

Wai wasu mutane ne suka sami fili mai kyau za su kafa gari. Maigari ya ɗauko igiya yana aunawa, yana ba kowa rabonsa. Ana cikin rabo, da tsakar rani, sai ga wani tsoho siriri, gefen rigarsa a jiƙe, duk inda ya taka sai sawun ya yi danshi. Ya yi sallama ya ce shi ma a ba shi nasa. Ba gida yake so ba, hanya kawai, faɗin da jaki zai wuce da kaya, sai ɗan kwari a bayan gari inda zai riƙa kwana. Maigari ya tambaye shi wata nawa yake yi a gari. Ya ce uku, in Allah ya yi albarka huɗu. Jama'a suka yi dariya. Ta yaya za a ba wanda ba ya nan wata takwas fili? Aka ja igiya a kan hanyarsa, aka yi gini.

Wata maginiyar tukwane ce kaɗai ta bi shi ta tambaye shi ta ina yake bi, don ta kauce masa. Ya ce shi bai iya kwatance ba, amma ta tambayi ƙaiƙayin gero. Ran da aka yi ruwan fari ta watsa ƙaiƙayi a filinta. Da aka ɗauke, ta tarar ya jeru layi biyu kamar an zana da hannu. Ta bar tsakanin layukan, ta gina ɗakinta a gefe.

Da damina ta kankama tsohon ya dawo, amma ba siririn nan ba. Ya yi ƙiba, ga danginsa bataliya a bayansa. Nan Kaka takan kumbura kumatu ta ƙwanƙwasa murfin tukunya da ludayi, ta yi kauri da murya: "Salamu alaikum masu gida. Ba hwaɗa ya kawo ni ba, wucewa za ni yi." Da ba a buɗe ba sai ya shiga ta ɗaka ya fita ta bango. Gidan maginiya kaɗai ya gaishe ta ya wuce. Da aka sake gina garin, aka ba shi hanyarsa da makwancinsa, shi kuma yana tafiya ya bar musu rijiyoyi cike da yumɓun tukwane. Kaka ta rufe da cewa tatsuniya ta bushe, ta koma gidansu.

Ƙannena sun koma kan masara, ni kuwa ban gamsu ba. Na ce me ya hana shi ya kewaye gidajen mutane, tun da yana da ladabi har yana sallama?

"Allah bai koya mishi hawa ba," in ji ta. "Gangara kaɗai ya sani. Ke da aka ba ƙahwa da hankali, ke ce za ki kauce."

Na yi ta jiran hadari na gaba. Da ya zo na saci ƙaiƙayi a bakin turmi na watsa tun iska na kaɗawa, duk ya tashi ya cika mini ido. Kaka ta yi dariya har da hawaye, sannan ta nuna mini cewa sai iskar ta wuce, yayyafi ya jiƙa ƙasa, ake watsawa. Da aka ɗauke ruwa na ga layukan da idona, sun nufi kafar katangar nan ba ko kuskure. Ta ce kakanmu sai da ya bar filin ya sha damina guda kafin ya aza tubali, kuma mutanen da suka ga yadda gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi ba sai an roƙe su su yi haka ba.

Shekaru suka wuce, Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na yi aure, muka daɗe muna haya, har Allah ya hore wa maigidana farsel, wato filin gini, a sabon lotisma da aka yanka a hanyar Jiratawa. Ya nuna mini takardar unguwar: layuka miƙaƙƙu, gida na manne da gida, gwanin kyau. Na duba na sake dubawa, ban ga inda aka bar wa tsohon nan ba. Shi kuwa yana so ya zagaye katanga ya tada ɗakin yara kafin ruwa ya sauka, ya malale tsakar gida da siminti. Duk abin da muka mallaka a ginin nan zai shiga, kuma a ɗakin nan ƴaƴana za su kwanta.

Na roƙe shi ya jira ruwan fari. Ya ce masu awo sun zo da na'urarsu sun dasa duwatsun iyaka, ni kuma zan zo da tatsuniya? Na ce su iyaka suka auna, ba su ce sun auna ruwa ba. Bayan kwana biyu ya ce mako uku ya ba ni, don kada in ce bai taɓa jin maganata ba.

Allah ya kawo hadari a mako na biyu. Na hau kabu-kabu da buhun ƙaiƙayi, direban yana tambayata ko kiwon kaji zan fara. Ina cikin watsawa a yayyafi, sai maƙwabcin filinmu ya leƙo, wani malamin lakwal Kirista, ɗan Tsibiri. Na ji kunya, na ɗauka zai yi mini dariya. Sai ya ce mahaifiyarsa ma haka take yi, in da saura in ba shi.

Washegari da safe muka je tare da maigidana. Layukan sun fito daga filin malamin, sun ratsa namu a karkace, daidai tsakiyar inda aka buga turakun ɗakin yara. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Bai ce na yi gaskiya ba. Ya sunkuya ya tuge turakun da kansa.

Aka matsar da ɗakin. Mu da malamin da gida biyu na ƙasa da mu muka bar kafa a gindin katangunmu, muka bar zirin ƙasa ba siminti, na shuka zogale da lalle a bakinsa. Ba kowa ya yarda ba. Can gangare an cike kwarin da ruwan unguwa ke kwanciya an yi shaguna, kuma duk damina sai na ji an kwana kwalfar ruwa a wasu gidaje, in yi musu addu'a. Nakan yi mamakin yadda muke raba gari mu tuna da mota da kasuwa, mu manta da wanda ya riga mu zuwa wurin.

Daminar bara na ba autata tatsuniyar, muna zaune bakin ƙofa ana ruwa. Ta tsura wa ruwan ido yana bin gindin zogale, har ya shige kafar katanga ya ɓace. Ta juyo ta ce:

"Umma, mu mun ba shi hanya. To in ya fita gidanmu, wa zai buɗe masa a can gaba?"