Ɗinkin Sallah a Shagon Yaya

Likita ya ce sunan ciwon yayana maniya. A unguwarmu ta Dilimi da wannan kalmar ake tsokanar masu kallon ƙwallo, a ce wane maniyar bal gare shi, a yi dariya. A gidanmu ba mai dariya idan an faɗe ta.

Yaya tela ne. Idan ciwon ya motsa, barci ya ƙaurace masa, bakinsa ba ya rufuwa, keken ɗinki ba ya tsayawa. Aikin sati sai ya gama a wuni, ɗinki tsaf, kuma ko sisi ba ya karɓa. Cewa yake Jos gaba ɗaya zai yi wa sutura.

Unguwa ta gane haka. Azumi na kamawa sai a tare ni a famfo da fara'a, wai ya jikin Yaya, har yanzu yana shan maganin nan?

Wata shekara maƙwabciyarmu, da muke kira Gwaggo, ta zauna a bencin shagonsa ta ce:

"Ɗan nan, ƙwayar nan ta mayar da kai sakarai. Da can hannunka wuta ne."

Ya daina sha. Na yi faɗa, na yi kuka, ya ce baƙin ciki nake yi masa. Kafin tsakiyar azumi shago ya cika da atamfa da shadda, har daga Bukuru ake aikowa. Ana zuga shi, ana ce masa oga, yana taka keke yana waƙa, ƙafafu duk sun kumbura. Da ya gama, keken ma ya kyautar wa wani mai wucewa da ya yaba shi. Ba mu sake ganin mutumin ba.

Ranar Sallah Yaya na kwance a ɗaki, fuska ga bango, ko ruwa sai an lallashe shi. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon layinmu kaf sanye da ɗinkinsa. Wallahi na tsane su, kuma har yau ban huce ba.

Da la'asar Gwaggo ta yi sallama. Na ɗauka dubiya ta zo, har na shimfiɗa mata tabarma. Ba ta zauna ba. Ta ɗaga hannun rigarta ta nuna min inda zare ya saki.

"In ya samu sauƙi, ki ce ya gyara min."