Na Ƙarshe a Gidan Rijiyar Asuba

Tokuji ɗa na biyu ne a gidansu, kuma a ƙauyukan kan dutse na Japan ɗa na biyu ba shi da gona, ba shi da gida, sai hannuwansa. Wansa Kihei ne magajin komai. Abin da suka yi tarayya a kai ɗaya ne, sunan gida: Asai.

Masu amsa Asai suna da yawa a ƙasar, amma a rubutunsu kowane harafi yana da ma'anarsa, kuma galibinsu da harafin "marar zurfi" da na "rijiya" suke rubuta nasu. Gidan su Tokuji da harafin "asuba" suke farawa. Kakan kakansu ne ya zaɓa, zamanin da hukuma ta ce kowane talaka ya yi wa gidansa suna, wai don shi ke riga kowa jan ruwa. Ubansu, ɗan guntun mutum mai zuciya a kusa, har makaranta yakan taka in malami ya rubuta wa yaransa na gama-gari.

"Mu ne marasa zurfi?" yakan ce. "Malam, zo ka leƙa rijiyarmu, in ka hango gindinta na ba ka gonar!"

Da Tokuji ya isa aure, sai aka zo da maganar gidan Takemori, masu yin awara a garin da ke gangaren kogi. 'Ya ɗaya gare su, Sumie, ba namiji. Suna neman suruki da zai shigo ya zama ɗan gida, ya ajiye sunansa ya ɗauki nasu, wato "kurmin gora". Uban Tokuji bai ja ba. Ai ga Kihei nan zai riƙe rijiya, me za a yi da mai jan ruwa na biyu?

Haka Tokuji ya ɗaure 'yan kayansa ya gangara. Abokai suka sa shi a gaba da tsiya.

"Kai, amarya! An kai ki ɗaki lafiya? Mijin naki bai takura miki ba?"

Ya yi dariya. Gaskiya kuma bai yi asarar mata ba. Sumie mace ce mai faɗa da baki, mai kirki da hannu. Ya koyi jiƙa wake da niƙa da tacewa, har awararsa ta fi ta surukinsa laushi, abin da tsohon ya mutu bai yarda ba. Suka haifi 'ya ɗaya, Harumi, ita ma mijinta ya shigo ya zama Takemori. Kurmin gora dai sai yaɗo yake.

A can sama kuwa Kihei bai yi aure ba. Matan ƙauyen duk sun tsere birni, wa zai ba da 'yarsa ga gonar shinkafa da ke rataye a jikin dutse? Ya tsufa shi kaɗai, ya mutu shi kaɗai a ƙarshen wani hunturu, aka ƙone gawarsa aka sa ƙasusuwan ƙarƙashin dutsen kabarin gida, inda iyaye da kakanni suke. A jikin dutsen nan kaɗai sunan ya rage.

Bayan an gama addu'o'i, malamin haikalin ƙauyen ya zaunar da Tokuji, ya zuba masa shayi.

"Dattijo, kabarin nan yana bukatar magaji. In babu, sai a rufe shi, a mayar da ƙasusuwan kabarin jama'a, a ɗauke dutsen."

"Ni zan riƙa zuwa ina sharewa."

"Da waɗannan gwiwoyin? To ka zo bana, ka zo baɗi. Bayanka fa? Kai kanka in ta yi, a kabarin Takemori za a sa ka."

Tokuji ya koma gida zuciyarsa a dagule. Ya yi kwanaki yana kewaya maganar kafin ya iya furta wa matarsa, suna tsaye kan tukunyar wake.

"Maman Harumi, da zan koma sunanmu fa?"

Ya yi zaton za ta tayar da ƙura. Sai ta ajiye ludayi ta dube shi da tausayi, wanda ya fi masa faɗan ciwo.

"Koma mana, ni ma sai in bi ka, in zama Asai da furfurata. Ka riƙe wa babana gida, ba ka ci amana ba. Amma Baban Harumi, ni da kai shekara nawa za mu ƙara masa? Jinkirta jana'iza kawai za ka yi."

Ya san gaskiya ta faɗa. Saura hanya ɗaya, a ba gidan Asai jika ya ɗauki sunan, kamar yadda aka ba da shi. Ya sami Harumi da maganar yana sunkuyar da kai kamar mai roƙon gafara.

"Haba Baba," ta ce. "Yarinya ɗaya gare ni. In tsaga ta biyu ne? Ita da ko ƙauyen ba ta sani ba."

Bai ji haushinta ba. Ya duba gabas ya duba yamma bai sami wanda zai ji haushi ba, kuma wannan ya fi komai cinsa. Kowa ya yi abin da ya dace, shi ma haka, ga kuma inda aka kwana.

Da bazara ta shigo, masu aikin dutse suka hau da ƙaramar motarsu. Malamin ya yi karatunsa, aka kwashe tulunan ƙasusuwan, aka ɗaura wa dutsen igiya aka ɗaga. Tokuji na tsaye riƙe da hularsa. Suka kwantar da dutsen a bayan mota, rubutun yana kallon ƙasa. Ya so ya ce su juya shi, ko da mutanen hanya za su karanta sau ɗaya, amma ya ga gumin da suke yi, kunya ta hana shi.

Babbansu ya goge hannu ya matso, ya rusuna.

"Mun gama. Mu rage maka hanya, Baba Takemori?"

"Na'am," in ji Tokuji, ya bi shi.